Notin Motar Dogo

Ran Talata, kamar kowace Talata, motar Dogo ta shigo garejin ba sallama. Haka take, ba tari ba gurnani, sai dai ka ɗago kai ka gan ta tsaye a gabanka. Bakaniken ya ajiye kofin shayinsa da ya riga ya huce, ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa.

"Injiniya, ƙarar nan ta dawo fa," in ji Dogo. "Yau daga baya nake jin ta, ƙwal-ƙwal-ƙwal, sai ka ce an sa tsakuwa a gwangwani."

Shekara ashirin da bakwai Dogo yana tuƙin haya, kuma duk motar da ya taɓa riƙewa a kan ramin garejin nan aka yi jinyarta. A da, sai ya bi layi kafin a zo kansa. Amma tun da mai ya gagari talaka, direbobin tasharsu suka koma motar lantarki ɗaya bayan ɗaya. Motar da ba a yi mata juyen baƙin mai, ba fulogi, ba salansa, ba kuloci, me za ta zo nema wurin mai sifana? Garejin da ke cin mota goma a yini ya zama wurin barcin kyanwa. Dogo ne kaɗai bai daina zuwa ba.

Ya zauna a inda ya saba, kan benci kusa da tsohon gwangwanin da bakaniken ke tara notuna, ya buɗe bakin ƙorafi. Wai jiya awa biyu ya yi a layin caji, ana zuwa kansa aka ɗauke wuta. Wai ya sami fasinjan tafiya mai nisa ya ƙi ɗauka, don bai san ko batir zai dawo da shi gida ba. "Aljihu dai ya huta," in ji shi, "zuciya ce ba ta huta ba."

Bakaniken ya zagaya bayan motar, ya buɗe but yana lalube. Shi ya san abin da ke cin sa. Bai san motar nan ba, ko kaɗan. Manyan wayoyin da ke cikinta ko da wasa ba ya kai musu hannu. Abin da kawai ya iya shi ne ya bi ƙarar har ya samo ta, kuma kullum abu ɗaya yake samu: noti guda, sakakke, yana yawo. Wani mako a aljihun ƙofa, wani mako a ƙarƙashin dardumar ƙafa. Yau a lungun but ya same shi.

Sai ya shiga neman inda notin ya kwance. Ya bi tayoyi, ya bi burki, ya kwanta a rami har bayansa ya ƙage. Ko'ina a ɗaure tamau. Kamar kullum, ya fito ya ce an gyara. Dogo, wanda a da sai ya yi ciniki a kan kuɗin iskar taya, ya biya ba musu.

Mako tara ke nan, noti tara. Motar da ke zubar da noti duk mako, wata rana taya za ta zubar, kuma Dogo 'ya'yan mutane yake ɗauka. Idan bakaniken ya faɗi gaskiya, Dogo zai kai ta kamfanin da suka sayar masa, shi ke nan sai a sa wa garejin kwaɗo. Idan ya yi shiru, to yana cin abinci ne da ran amininsa. Gaba kura, baya sayaki, ga shi shekaru sun ja, ba ƙarfin koyon sabuwar sana'a.

Wannan notin dai bai jefa shi cikin sauran ba. Ya ɗiga masa jan fenti, yadda yake yi wa duk kayan da zai kai a duba masa, ya ɗora shi a bakin gwangwanin ya bushe. Niyyarsa gobe ya kai wa mutanen kamfani, ya haɗiye girman kai ya tambaye su daga ina wannan yake fita. Ya je famfo ya wanke hannu, ya dawo suka yi sallama. Washegari ya nemi notin sama da ƙasa bai gani ba. Ya zagi kyanwa, ya zagi idonsa da ya fara hazo, ya haƙura.

Makon nan abinci bai yi masa daɗi ba. Mai ɗakinsa ta gaji da kwashe kwano a cike, ta ce, "Baban yara, ka faɗa wa Dogo gaskiya ka huta. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci."

Da Talata ta zagayo, bai bari Dogo ya gama zama ba. "Mutumina, na gaji da ƙarya. Ban san motar nan ba, ban taɓa gyara mata komai ba. Ka kai ta kamfani tun ba ta kashe ka ba."

Dogo ya sosa ƙeya. "Naka wasa ne. Kai dai duba min, Injiniya. Ƙarƙashin kujerar baya nake jin ta."

Bakaniken ya durƙusa, zuciyarsa a dagule. Zai ciro na ƙarshe ya damƙa masa, ya tafi da shi ya nuna wa waɗanda suka sani. Ya zura hannu ƙarƙashin kujerar, yatsunsa suka taɓo ƙarfe, ya jawo.

Da ya buɗe tafin hannunsa, sai ga jan fentinsa a kan notin, kuma ta gilashin motar ya hango Dogo yana zare hannu daga gwangwanin a hankali, yana jefa na mako mai zuwa a aljihu.