Kakar da Ta Shiga Teku

Ƙawata Tasalla, matso in ba ki wani misali, tunda kin ce ɓoye ƙaramin laifi ba ya cutar da kowa.

Wata dattijuwa ce daga nan Arewa ta tafi Ikko, 'yarta ta haihu, za ta yi mata wankan jego. Mace ce mai kamun kai, ko zancen bakin teku aka ɗauko sai ta taɓe baki ta ce wurin marasa kunya ne. Amma a ranta tana son ganin ruwan nan da aka ce ba shi da ƙarshe. Saura kwana huɗu suna, ta ce za ta kasuwa sayen citta da kanumfari, sai ta zarce can, wai ta ga ikon Allah ta dawo. Ruwa ya lashi ƙafarta, ta ƙara taku ɗaya, ta ƙara wani, har ya kai mata ƙirji, da zanenta da hijabinta, tana dariya kamar yarinya. Da ta fito ba ta da kayan canji, sai ta zauna a rana har suka bushe a jikinta. A gida ma ta ƙi yin wanka, kada a tambaye ta dalilin wankan tsakar rana. Washegari ƙuraje suka feso jajur, a ƙugu inda take ɗaura zane, da ƙarƙashin ƙirji, da wuya inda hijabi ya kama. Ƙaiƙayi har a cikin salla. Da 'yarta ta gan ta tana susa, bakin dattijuwar ya riga hankalinta, ta ce sabulun salon da uwar mijin 'yar ta kawo ne. Aka zubar da sabulun a gaban mai shi.

Sai dangin miji suka ce wannan ba aikin sabulu ba ne, ƙazuwa ce, kuma ana ɗauka. Aka karɓe jaririyar daga hannunta, aka ware mata tabarma da kwano. Tana ji wata na wanke jikarta a bayan labule, ita tana zaune tana susa. Ana gobe suna, uwar mijin ce da kanta ta raka ta asibiti. Malamar asibitin ta ɗaga hijabin, ta duba ƙugun, ta ce, "Mama, yaushe kika shiga teku? Wasu 'yan halittu ne na ruwan gishiri ke maƙalewa a tufafi su yi harbi. In shi ne, ba a ɗauka." Dattijuwa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. In ta musa, gobe a raɗa suna tana kallo daga nesa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ranar Litinin." Ta juya ga uwar mijin ta ce, "Hajiya, na yi wa sabulunki ƙazafi, ki yafe mini don Allah." Ita kuwa ta ce, "Na yafe. Amma in za ki koma ki tafi da ni, mu riƙe zanen canji." Ranar suna dattijuwar ta rungumi jikarta da farin magani shafe a wuya, duk wadda ta zo barka sai ta gaishe ta tana danne dariya.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Don girman Allah, Tasalla, ki bar wannan a cikinki, ko maigidanki kada ya ji. Matar tana nan da ranta, kuma har yau ko a rediyo aka ambaci teku sai ta tashi ta shiga ɗaki.