Jirgin Tsoho da Injin Saurayi

Wani saurayi ne daga wani ƙauye a bakin kogin Kwara. Shekara tara ya yi a tashar jiragen ruwa can Kudu, yau dako, gobe gyaran inji, ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Da ya dawo gida bai zo da akwati ba, inji ya zo da shi, naɗe cikin buhu. To, ga inji, babu jirgi. Aminin mahaifinsa kuwa, wani tsohon masunci, shi ke da babban jirgin katakon da ke haye da mutanen ƙauyen ran kasuwa, sai dai kafaɗarsa ta gaji da tuƙi da filafili. Suka shirya su haɗa.

Saurayin ya ga yadda haɗaka ke ƙarewa a birni, don haka ya shiga gari aka buga masa takarda: ranakun aikin kowa a jirgin, wa zai zuba mai, wa zai toshe jirgi in ya fara yoyo. Ya tsaya a bakin mashigi, gaban Sarkin Ruwa da shaidu biyu, ya karanta yana ji da kansa. Tsoho na ɗinkin taru, bai ɗaga kai ba sai da aka gama.

"Ɗana, ka sa ranar kasuwa, ka sa ranar gyara. Ina ranar mutuwata?"

Kunya ta rufe saurayin. "Haba Baba, Allah ya ja kwana."

"Amin. Rubuta."

Tsohon da bai san baƙin boko ba shi ya yi ta faɗa, mai yawon duniya na rubutawa a bayan takardar. Daga yau babu mai jirgi, babu mai inji. Kowane katako da kowace ƙusa rabi da rabi ne. Wanda ya riga tafiya, magadansa su gaji ranakunsa. Masu son fita su fara yi wa abokin haɗaka tayi, kuma ba za a raba inji da jirgi ba muddin yana hawan ruwa. Tsoho ya dangwala babban yatsa, ya koma kan tarunsa.

Damina huɗu suka yi lafiya. A ta biyar, kogi na cike har bakin gonaki, tsoho ya rasu. Bayan sadakar bakwai 'ya'yansa suka sauko mashigi da wani mai jigilar yashi, sun riga sun gama cinikin jirgin da shi. Babbansu ya ce wa saurayin ya kwance injinsa, jirgin ubansu ne. Matan da ke jira da kwandunan busasshen kifi suka yi cirko-cirko, don in jirgin nan ya tafi, sun yi sallama da kasuwa sai ruwa ya janye. Saurayin bai ɗaga murya ba. Ya aika aka kira Sarkin Ruwa, aka fito da takardar daga gwangwanin da aka adana ta. Saurayin da kansa ya ce a bar gaban da aka buga da na'ura, a juya bayan. Aka karanta. Babban ɗan ya daɗe yana kallon shedar yatsan ubansa, sannan ya tambaya wace rana ce tasu.

"Yau," in ji Sarkin Ruwa.

Babban ɗan ya naɗe ƙafar wando ya shiga jirgi, saurayin ya nuna masa yadda ake jan igiyar inji, mata suka fara loda kwanduna. Mai yashi ya kama hanya.

Tun daga ranar, duk wanda ya yaba wa saurayin wayon birni sai ya girgiza kai, ya ce layin rubutun da ya tsare jirgin a bakin kogin nan aka haife shi. Da tsoho ya biye wa kunya a ranar ƙulla magana, da gado ya farfasa abin da ya gina. Hausawa dai sun faɗa: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.