Jegon Baban Aji

Tunda ka ce kai ma za ka koma makaranta da furfurarka, gyara zama in ba ka wani misali, ba don na raina ka ba.

An yi wani mutum mai duba rumfunan kasuwa a wata ƙaramar hukuma. Shekara ashirin da ɗoriya yana kan kujera guda, har kujerar ta ɗauki siffar mazauninsa. Waɗanda ya koya wa aiki duk sun tsallake shi, don suna da takarda, shi kuwa sai daɗewa. Rannan aka ce masa shugaban sashensu zai yi ritaya baɗi: in ya kawo difloma kujerar tasa ce, in bai kawo ba ya haƙura har abada. Sai ya shiga kwaleji. Karatun bai dame shi ba, aikin mako ne ya tsaya masa a wuya. Litinin malamin kasuwanci ya ba da nasa, Talata na tattalin arziki, Laraba lissafi, Alhamis nazarin zamantakewa, kuma makin da ake tarawa a nan shi ne rabin jarrabawa. Mutumin ya ga abin kamar shara a gindin bishiya, ka share yau, gobe ganye ya zubo.

Da yake ya girmi kowa, 'yan ajin suka naɗa shi Baban Aji, shi ke tara takardu ya kai ofishin malamai. To, tsakanin aji da ofis akwai wani mangwaro mai inuwa, da benci a ƙarƙashinsa, kuma a cikin takardun akwai ta wata 'yar ajin, malamar firamare, mai rubutu kamar an jera wake a faranti. Nan Baba yake zama ya huta, in ji shi. Yana hutawa yana kwafe aikinta, bai rage ko ɗigo ba. Asiri kuwa ya rufu, don lissafi ba ya tambayar mai shi, bakwai sau takwas hamsin da shida ne ko a hannun wa. Tattalin arziki ma haka, in kaya ya cika kasuwa farashi ya faɗi. Abin da ya shekara ashirin yana gani da idonsa a layin 'yan tumatir ke nan, amma ya gwammace ya aro shi daga wadda a littafi ta karanta. Mako goma ana haka, har hannunsa ya saba, ya daina shawara da kai. Yana rubutu yana amsa gaisuwar masu wucewa, yana tambayar su mutanen gida.

A mako na sha ɗaya malamar zamantakewa, sa'ar 'yarsa ta biyu, ta ce kowa ya rubuta wata al'ada da ya taɓa yi shi da kansa. Baba ya zauna a inuwarsa, ya zaro takardar da ya saba, ya duba layin farko: “Lokacin da na haifi ɗana na fari.” Ya gyaɗa kai. Ai shi ma ya haifa, har tara, Bahaushe bai raba wa uwa da uba wannan kalma ba. Ya saki hannu, shafi uku cur, ya sa sunansa a sama, ya kai.

Bayan kwana biyu malamar ta aika a kira shi. Ta rusuna ta gaishe shi, ta ba shi kujera, sannan ta ce, “Baba, barka da arziki. Ashe abin da ya faru ke nan ba mu ji ba?”

Ya ce, “Wane abu, 'yata?”

Ta ce, “Jego mana. An gama arba'in lafiya?”

Ta buɗe takardarsa ta shiga karanta masa a hankali, kamar mai karanta wa tsoho wasiƙa. Yadda ya tafi goyon ciki gidan iyayensa a wata na bakwai. Yadda ungozoma ta riƙa fyaɗa masa tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya safe da yamma. Yadda ya sha kunun kanwa har ya gundure shi, da yadda ya yi kuka don nono bai zo ba sai a kwana na uku. Baba ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sai ya ce ai a madadin iyali ya rubuta.

Ta ajiye takardar malamar firamaren kusa da tasa, ta ce, “To ita ma wannan a madadin iyalinka ta rubuta, Baba?”

Daga nan aka zaro na kasuwanci, da na tattalin arziki, da na lissafi, tun daga makon farko, aka jera su biyu-biyu kamar tagwaye. Malamar firamaren ta kuɓuta, don ba ta san ana aron zanenta ba. Shi kuwa makinsa na zangon duka ya zube, aka ce ya maimaita shekara. Kafin ya gama maimaitawa, wani da ya koya wa aiki ya hau kujerar, shi ke sa masa hannu a takardar izinin zuwa makaranta. An ce a shekara ta biyu da kansa ya yi aikinsa, makin ba yawa amma ya wuce, sai dai har yau in ya ratsa layin 'yan tumatir akan sami mai ce masa, “Baba, ya jego?”

Don haka in ka shiga, ka ɗinka naka ko da guntu ne. Masu iya magana sun ce, zanen aro ba ya rufe katara.