Masu Injin Sun Zo

Motar jami'a na tsayawa a ƙofar shagonsa, mai walda ya ajiye aikin da ke hannunsa. Injin ɓare gyaɗar da ke gabansa kwafi ne. A wajen baje kolin jami'ar ya ga na asali, ya haddace shi da ido, ya dawo ya ƙera nasa, har manoma sun fara saye. Yau ga masu abu.

Wata mata ta shigo, ta ce ita ce malamar da ta zana injin. Ta durƙusa ta leƙa cikinsa. Shi kuwa yana tunanin wa zai ɗauko yara daga makaranta idan aka tafi da shi.

"Malam, kai ka yi wannan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. A yi haƙuri, iyali gare ni."

"Ramukan rariyar sun matse, shi ya sa yake fasa ƙwaya." Ta miƙe tana kaɗe gwiwa. "Namu yana kulle a sito, ba manomin da ya taɓa shi. Mai ƙerawa muka rasa. Gobe ka zo ɗalibaina su ba ka awon daidai. Guda nawa za ka iya a wata?"

Sai ya jawo kujera ɗaya tilo ta shagon, ya goge ta da hannun riga.

"Zauna tukuna, Malama. Ƙafafuna ne ke rawa, amma ke ce baƙuwa."