Baƙuwar Ɗakin Iya Gumsu

Kai, ku rufe mini baki! Wa ya aike ku tambayar abin da ya sa matan unguwar Yerimaram ba sa ƙin kiran wankan gawa? Yara sai tonon abin da ya fi ƙarfinku. To, ku buɗe kunne, sau ɗaya zan faɗa.

Da hantsi Radiyya tana tsame awara daga mai, sai ga Iya Gumsu tsaye a ƙofar gida. Ita ce shugabar ƙungiyar mata masu wanke gawar da ba ta da kowa, irin matafiyar da ta cika a tasha, ko tsohuwar da dangi suka manta. Don Allah suke yi, ba mai biyan su. Da su goma sha biyu ne, amma suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, saboda mutane sun daina cin abin hannunsu. Radiyya ce ta ƙarshen fita. Wata uku da barinta, sai yanzu masu sayen awara suka fara dawowa.

Iya Gumsu ba ta iya roƙo ba, ba ta iya godiya ba. Takan tako har ƙofar mace da ƙullin ganyen magarya a hammata, ta tsaya ƙyam har kunya ta tashe ta. Ran nan hannunta wayam.

Ta ce, "Akwai baƙuwa a ɗakina, ba ta da kowa."

"Iya, ki shigo inuwa mana, ki sha ruwa."

"Ba ruwan sha ya kawo ni ba, na wanka."

"Iya, ni fa na tuba. Da awarar nan 'ya'yana suke ci."

"Tuba? Sata na koya miki? Ki ji nan, yau hannuna ba zai taɓa ruwa ba. In ba ki zo ba, haka za a sa ta a ƙasa da dattinta. Magarya na bayan ƙofa, likkafani na ƙarƙashin tabarma, an riga an yanka. Ke za ki ja gaba."

Radiyya ta sunkuya ta janye itace daga murhu. Tana ɗagowa, ba kowa. Ta dubi kaskon awara, ta dubi titi, ta ja tsaki, ta ɗauki mayafi ta tari keke.

A ƙofar gidan da Iya take haya ta tarar da Mubaraka daga unguwar Hausari, da Ummul-Khair daga can garin Nangere, da sauran duka, kowa na ɓoye ido. Kowacce ta ce Iya ce ta je mata da kanta, da hantsi.

Mubaraka ta ce, "Har Nangere? Da wannan gwiwar tata?"



Suka yi sallama sau uku, shiru. Suka tura ƙyaure, da sakata ta ciki. Sai da mai gidan, Malam Bakari, ya zo ya ɓalle shi, yana cewa tun asuba yana zaure, bai ga shigar kowa ba, bai ga fitar kowa ba.

Ga magarya a bayan ƙofa. Ga likkafani a yanke. Tulu cike da ruwa. Baƙuwa kuwa tana kwance ta fuskanci alƙibla, an rufe ta da zane, jiki ya daɗe da sandarewa.

Mata suka dubi Radiyya. Ta naɗe hannun riga, ta yi bisimilla, ta yaye zanen.

Tun daga ranar ƙungiya ba ta sake watsewa ba. Yanzu ku tashi ku kwanta, ku yi addu'a, kada in ji tarin kowa.

Me kuma? Fuskar wa za ta gani, ku sakarkaru? Iya Gumsu ce mana, tun kafin asuba ta cika.