Ficewa Daga Gasar Maƙwabta

Shugaban jami'armu ya ɗaga hannu, sauran 'yan majalisar jami'ar suka bi shi kamar an ja su da zare. Shi ke nan, mun fice daga rukunin gasar maƙwabtanmu na jihar Kansas, mun shiga na manya, inda kowane wasa sai an hau jirgi. Mu 'yan tsere ne ragon layyar: za a rushe ƙungiyarmu don 'yan ƙwallo su samu kuɗin tafiya, karatuna na kyauta kuma ya bi ruwa.

Na tare shugaban a bakin ƙofa.

"Yallaɓai, bara da bakinka ka rantse ba inda za mu."

"Bara ai ba mu ci maƙwabtan ba, ɗana."

Ya ja ni ofishinsa. Wata garwar madara mai tsatsa ce zaune kan teburinsa.

"Ka san al'ada. Wanda ya ci wasan ƙwallon shekara tsakaninmu da su shi ke riƙe ta har karo na gaba. Tun ina ɗalibi take hannun 'yan banzan can na ƙetaren kogi, sai bana muka ƙwato ta."

"To, in suka ci mu baɗi fa?"

Ya goge ta da hannun rigarsa, yana murmushi.

"A wace gasar?"