Jinin da Ya Ƙi Tsayawa

Haƙori ɗaya tak aka cire wa tsohon, amma jini ya ce bai san tsayawa ba. Autarsa na riƙe da tasa, auduga ta yi jawur.

Likita ya ce, "Bayan asfirin, me kuke ba shi?"

Babban yayanta, mai tallar ƙwayoyin ƙarin lafiya, ya yi caraf: "Ko ɗaya."

Auta ta zaro kwalba daga jaka. "Wannan fa, Yaya? Safe da yamma kake ɗura masa, wai maganin mantuwa."

Likita ya duba, ya yi tsaki. "Ganyen ginkgo ne. Yakan tsinka jini, ga kuma asfirin. Sai an yi masa ƙarin jini, yanzu."

Auta ta waiga don ta ce Yaya ya miƙa hannu a ɗebi nasa jinin, sai ta ga wayam, har da kwalbar. A baranda ta iske shi durƙushe gaban wata tsohuwa mai jiran layi, bakin nan kamar zuma.

"Gwaggo, leƙa ɗakin can ki gani da idonki. Babanmu ya haura tamanin, amma jininsa gudu yake kamar na saurayi!"